Tambaya da Amsa: Samarin Sheffield, jita mai ƙugi da waƙar da ake haɗawa daga gari huɗu

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk hanya ɗaya suka bi: matasa da suka haɗa ƙaramar ƙungiyar kiɗan jita, suna son fitar da aikinsu ta intanet. Mun zaɓi shida, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili. Makaɗan jita da masu haɗa sauti da ke taimaka wa wannan shafi ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, duk ɗalibai: jita biyu, bes (jita mai kaurin sauti) ɗaya, da mai ganga. Wata uku ke nan da farawarmu. Wani abokinmu ya ce akwai ƙungiyar rok a Ingila da intanet kaɗai ya ɗaga ta, ba kamfani ba rediyo. Gaskiya ne? In haka ne, me zai hana mu ɗora waƙoƙinmu tun yanzu? (Daga wani ɗalibi, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Arctic Monkeys abokin naku yake nufi, sai dai rabin labarin ya ba ku.

An kafa ƙungiyar a 2002 a High Green, wata unguwa a bayan garin Sheffield da ke arewacin Ingila. Su ma huɗu ne: Alex Turner da Jamie Cook a jita, Andy Nicholson a bes, Matt Helders a ganga. Shekarunsu 16 zuwa 17, kuma babu gwani a cikinsu. Turner da Cook a Kirsimetin 2001 aka saya musu jita, shi kuwa Helders ya ɗauki ganga ne don ita ce ta rage ba mai ita. A gareji suka fara gwaji, daga baya suka koma wani wurin gwaji na haya mai suna Yellow Arch. Sai ranar 13 ga Yunin 2003 suka fara tsayawa gaban jama'a, a wani ƙaramin gidan shaƙatawa da ake kira The Grapes. Ka yi lissafin da kanka: kusan shekara guda suna tafka kuskure tsakanin bango huɗu kafin kunnen baƙo ya ji su.

Daga nan suka riƙa shiga situdiyon 2fly, wurin wani mai haɗa sauti Alan Smyth, suna naɗar waƙoƙi kaɗan-kaɗan har suka kai 18. Ba su sayar ba. Sukan kwafe su a faifan CD su raba kyauta a wurin wasa. Faifan ba ya isar kowa, don haka waɗanda suka samu suka juye shi a kwamfuta suka shiga tura wa juna. Ɗaya daga cikin masu turawar ne ma ya raɗa wa tarin suna Beneath the Boardwalk, da sunan wani gidan wasa na Sheffield inda Turner ya taɓa aiki. Shafinsu na MySpace, dandalin sada zumunta na intanet na lokacin, da jaridu suka yi ta yayatawa, masoya ne suka buɗe shi. Samarin da bakinsu sun faɗa a hira cewa ba su ma iya ɗora waƙa a intanet ba a lokacin.

Abin da ya biyo baya ya zo da gudu. A Mayun 2005 suka fitar da ƙaramin faifai a ƙarƙashin tambarinsu na kansu, Bang Bang, a Yuni suka sa hannu da kamfanin Domino, wanda ba ya cikin manyan kamfanoni. A Oktoba suka cika zauren Astoria na Landan, jama'a na rera baitukan waƙoƙin da ba a ma fitar da su kasuwa ba, kuma a watan ne waƙarsu ta farko da Domino ta hau lamba ɗaya a Birtaniya. Kundinsu na farko ya fito ranar 23 ga Janairun 2006, aka sayi kwafi 363,735 a mako guda, abin da babu kundin farko da ya taɓa yi a tarihin ƙasar zuwa lokacin. A shekarar ce suka ci kyautar Mercury ta kundin waƙa mafi kyau na shekara, a shekarar ce kuma Nicholson ya bar ƙungiyar, Nick O'Malley ya gaje shi.

To, ka ga akwai kamfani a labarin, akwai kuma situdiyo. Intanet dako ya yi, kayan kuwa an riga an ƙulle su. Waƙoƙin da suka bazu an sha buga su gaban mutane, an ga inda jama'a ke motsi da inda suke duba agogo, an yanke abin da bai yi ba. Kuma da karin harshen garinsu suke rerawa, kan layin tasi da masu gadin ƙofa da rigimar daren Juma'a, ba su ari bakin Amurkawa ba. Wani bambancin shi ne zamani: a 2004 makaɗin da zai raba waƙarsa kyauta abin mamaki ne, yau ana ɗora waƙoƙi sama da dubu 100 kowace rana a manhajojin saurare.

Shawararmu ga ƙungiya 'yar wata uku: ku dakata. Ku haɗa waƙoƙi takwas da za ku iya bugawa a jere ba tsayawa. Duk ranar gwaji ku ajiye waya kan kujera, mita uku daga ganga, ku naɗi komai, ku saurara tare washegari. Abu biyu za ku fara kamawa: mai ganga yana ƙara gudu in an shiga amshi, jita biyun kuma suna buga abu ɗaya a wuri ɗaya suna danne murya. Ku gyara waɗannan, ku tsaya gaban mutane ko sau biyar ne, ko a taron tsangaya ko bikin aboki, sannan ku zaɓi uku da suka fi kama jama'a ku naɗa da kyau.

Tambaya: Sannunku da aiki. Duk misalan da ake kawowa na Turawa ne. A yankinmu akwai wanda ya fito ta irin wannan hanya? (Daga wata mai karatu, Maraɗi)

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma daga ƙasarku. Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne da ke zaune a Agadas. Jitarsa ta farko shi ya ƙera ta da katako da wayar birkin keke, kuma bahago ne. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da gangar kwamfuta da murya mai lanƙwasar Auto-Tune irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, amma da harshen Tamashek. Babu kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Ta Bluetooth da katin mimori waƙoƙin suka yi tafiya, daga waya zuwa waya, har arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya kwafo ɗaya daga cikinsu, ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Bayan shekara goma Mdou da ƙungiyarsa suka fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na Amurka. Tunda mace ce ke tambaya, ki kuma nemi Les Filles de Illighadad, ƙungiyar Fatou Seidi Ghali daga wani ƙauye a Nijar, wadda ta kama jita a inda ake ganin aikin maza ne.

Akwai darasi na aiki a nan. Waƙar da ke yawo a waya sunanta ke fara ɓacewa. Kirkley sai da ya sha wahalar bin sawu kafin ya gano masu waƙoƙin da ya tara. Don haka kada fayil ya fita daga hannunku da suna irin "audio 003". Ku sa sunan ƙungiya, sannan sunan waƙa, sannan shekara. Ku cike bayanan da ke cikin fayil ɗin kansa da manhaja irin Mp3tag, wadda kyauta ce: mawaƙi, kundi, shekara, hoto, da adireshin da za a same ku. Wasu manhajojin tura saƙo suna goge waɗannan bayanai, shi ya sa al'adar mawaƙanmu ta ambaton sunansu da na situdiyo a cikin waƙa ba burga ba ce kawai, hatimi ne da ba ya goguwa. Don rabawa ta waya, MP3 mai kilobit 192 a daƙiƙa ya wadatar. Waƙar minti huɗu ba za ta kai megabait 6 ba.

Tambaya: Na sayi jitar lantarki ta hannu da ƙaramar na'urar shigar da sauti kwamfuta. Da na jona sai wani ƙugi ya tashi kamar injin niƙa a nesa, in na kunna murɗiyar sauti ta rok kuma abin ya ninka. Jitar ce ta lalace ko cuta ta aka yi? (Daga wani mai karatu, Kano)

Amsa: Da wuya a ce an cuce ka, malam. Fara da tantance irin ƙarar, domin kowace da mahaifarta. Ƙugi mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka, na wutar lantarki ne, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ziza mai kaifi kamar ta ƙudan zuma takan fito daga caja, ƙwan fitila na zamani mai araha, maɓallin rage gudun fanka, ko inbata. "Shuuu" kamar ruwan sama alama ce an ɗaga ƙarfin shigar sauti ya yi yawa. Ƙaras-ƙaras in ka juya maɓalli kuwa ƙura ce, kuma hunturu kan cika maɓallan jita da ita. Maganinta feshin wanke mahaɗin lantarki, ba man keke ba.

Gwajin farko ba ya cin minti ɗaya: mayar da maɓallin ƙarar jitar zuwa sifili. In ƙugin ya mutu, jitar ce ke tsintar shi daga iska. In yana nan, matsalar ta wayar jita, na'ura ko wuta ce.

Mu ce jitar ce. Abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana jin kaɗawarsu, wanda makaɗa ke kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Mai naɗi ɗaya, irin na jita samfurin Stratocaster, tamkar eriya yake, duk abin da ke ɗaki mai wuta sai ya ji shi. Mai naɗi biyu an yi shi ne don naɗin biyu su kashe ƙugin juna. In taka mai fikof uku ce, tura makunnin zaɓi zuwa matsayi na 2 ko na 4. A yawancin jitocin yanzu wannan yana haɗa biyu ta yadda ƙugin zai faɗi. Sannan ka zauna kan kujera ka riƙa juyawa a hankali da jitar a jikinka, za ka sami kusurwar da ƙarar ta fi raguwa. Yi alama a ƙasa da alli, nan ne wurin naɗinka. Ka yi nesa da kwamfuta kamar mita ɗaya da rabi, ka kashe fanka da fitila, ka fitar da waya daga aljihu.

Yanzu taɓa tsirkiya da hannu. In ƙarar ta ragu, haka ya kamata, sai dai rufin cikin jitar bai isa ba, kuma mai gyara zai iya liƙe ramin da tef na tagulla ya haɗa shi da wayar ƙasa. In ba abin da ya canza, mai yiwuwa siririyar wayar da ke haɗa gadar tsirkiyoyi da ƙasa ta tsinke. In kuwa ƙarar ƙaruwa ta yi, an juya wayoyi biyu na bakin jak, ramin da ake jona wayar jita, abin da ke yawan faruwa ga jitar hannu da ta bi ta wurin mai gyaran rediyo. Aikin dalma ne na minti goma.

Mu ce kuma ƙugin bai mutu da rage ƙarar jita ba. Zare cajar kwamfutar. Sau da yawa nan take za ka ji ɗakin ya yi tsit, domin cajar da ba ta asali ba tana zuba datti cikin layin sauti. Wannan ma shi ne babban sauƙin da kuke da shi: kwamfutar cinya da na'urar da ke cin wuta ta USB ba sa bukatar wutar bango ko kaɗan. Yi caji, kashe janareta, yi naɗinka da batir. Ƙaramin janareta da inbata mai araha wutarsu ba santsi gare ta ba, kuma kunne yana jin haka. In dole ne a jona amfilifaya da sifika, duk su ci daga soket ɗaya. Wayar jita ta kasance mai rufi wadda aka yi don jita, ba wayar sifika ba ko da bakinsu iri ɗaya ne, kada kuma ta wuce mita 6.

Abu ɗaya da muke roƙonka: kada ka karya ƙafar ƙasa ta filogin amfilifaya don wani ya ce ƙugi zai tafi. Tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifayar. In wuta ta zame ciki, ta jikinka za ta nemi hanya. A 1972 Leslie Harvey, makaɗin jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya mutu kan dandamali a Swansea da ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba.

Saura saiti. Danna maɓallin da aka rubuta INST ko Hi-Z a na'urar, in ba haka ba sautin jitar zai fito a dushe. Buga da iyakar ƙarfinka, ka daidaita shigar sauti har ma'auni ya tsaya wajen -12 dB, kada ya taɓa ja. Murɗiyar sauti kuwa aikinta ke nan, ta ɗaga ƙaramin sauti ya kamo babba, don haka takan ɗaga datti tare da kiɗa. Rage ta zuwa rabin abin da kake so. A cikin waƙa za ta fi fitowa da nauyi. Za ka iya yanke duk abin da ke ƙasa da kaɗawa 80 a daƙiƙa daga layin jita, tunda tsirkiyarta mafi kauri a 82 take, amma kada ka yi wa bes haka, tasa a 41 take.

Tambaya: Mun gama makaranta, bautar ƙasa ta raba mu gari huɗu. Mun gwada kiɗa tare ta kiran bidiyo, sai kowa ya riƙa jiran kowa. Ta yaya ƙungiyoyin intanet ke yi? (Daga wani mai bes, Jos)

Amsa: Ba hannunku ba ne, jinkirin layi ne. Makaɗa kan fara rikicewa in sautin abokinsu ya makara da fiye da kashi 25 zuwa 30 cikin dubu na daƙiƙa. Kiran bidiyo ta layin waya yakan ninka wannan sau biyar ko fiye, ga shi yana ɗaukar jita a matsayin hayaniya yana danne ta. Akwai manhajoji irin Jamulus da aka yi don kiɗa tare, amma suna son intanet na kebul mai jona wa kwamfuta kai tsaye, ba na iska ba. Yawancin ƙungiyoyin da kake gani ba tare suke bugawa ba. Bi da bi suke yi, kamar ginin jan bulo.

Ga yadda ake yi. Ku fara yarda kan abu uku, a rubuce: saurin waƙa, misali bugu 120 a minti, makullin da za a buga ta, da ma'aunin naɗi, 48 kilohaz da bit 24, kowa iri ɗaya. In ɗaya ya naɗa a 44.1 aka shigar da shi ba a juya ba, waƙar za ta fito da gudu da sauti daban. Kowa ya saita tsirkiyoyinsa da ma'aunin saiti a kan 440 kafin kowane ɗauka, ba sau ɗaya da safe ba, don zafin ɗaki yana sassauta tsirkiya.

Mai waƙar ya naɗi jagora: jita ɗaya da murya, a kan ƙwanƙwasar ma'aunin bugu, da ƙirga huɗu sau biyu a farko. Ba sai ta yi daɗi ba, amma tsarinta ya zama na ƙarshe, domin in aka ƙara baiti daga baya kowa sai ya sake. Mai ganga ya bi, sai kai mai bes a kan gangar, ba a kan jagora ba, sai jitoci, murya a ƙarshe. Kowa da abin sauraro a kunne mai rufe kunne ruf, don kada ƙwanƙwasar ta zubo cikin makirufo.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki wurin turawa yake. Kowane layi a fitar da shi daga daƙiƙar farko ta waƙar, ko da mai shi ba zai shigo ba sai a minti na biyu. Shirun farkon shi ke sa fayiloli su hau kan juna daidai. A fitar da shi WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, babu amsa-kuwwa, babu kwalliya. Layi ɗaya na minti huɗu zai kai megabait 35. Kada a tura shi a matsayin saƙon murya, za a matse shi ya lalace. A tura shi a matsayin takarda, ko a zuba a Google Drive. MP3 kuma yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, wanda ya isa ya sa bes ya riƙa bin ganga a baya.

In kana jin sautinka yana makara a kunne lokacin naɗi, rage ma'ajiyar jinkiri a saitin manhajar zuwa 128, wanda bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba. A 1024 ya haura 21, kuma hannu yana jin wannan. In kwamfutar ta fara tari, kunna sauraron kai tsaye da ke jikin na'urar. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya aiki da BandLab a waya, da abin kunne mai waya, ba na Bluetooth ba. Audacity kyauta ce. Reaper tana ba da gwajin kwana 60. Mutum ɗaya ya riƙe haɗawa. In huɗu suka sa hannu, kowa kayansa zai ɗaga.

Tambaya: Na'urarmu baki biyu gare ta. Za ta iya ɗaukar gangunan rok? (Daga wani mai ganga, Zangon Kumasi)

Amsa: Za ta iya. Makirufo ɗaya a bakin gangar ƙafa, ɗaya a sama, kamar mita ɗaya bisa ƙaramar gangar tsakiya, yana kallon ƙasa. In na saman irin mai bukatar wuta ne, danna 48V bayan ka jona shi, ba kafin ba. Saurari biyun tare; in gangar ƙafa ta rame maimakon ta yi kauri, danna maɓallin juya fuskar sauti a ɗaya daga cikinsu. Ɗakin siminti da tayil shi ne abokin gaba: shimfiɗa darduma, jingina katifa biyu a bango, rataya bargo. Kwalin ƙwai ba ya hana komai. Sauran aikin a hannunka yake. Sassauta wa farantan tagulla, ka daki fata da ƙarfi, domin da makirufo biyu babu mai iya rage farantan daga baya.

Tambaya: Mun gama waƙoƙi uku, ɗaya tamu ce, biyu na wata ƙungiyar Amurka muka sake bugawa. Ina za mu ɗora, yaushe kuɗi ke fara shigowa, kuma yaya ake rabawa? (Daga wasu 'yan ƙungiya, Katsina)

Amsa: Mu fara da rabon, don shi ke kashe ƙungiya. Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya tsara baiti da kari, da na naɗin kansa. Ku zauna tun kafin sisi ya shigo, ku rubuta a takarda ɗaya: sunan waƙa, wa ya yi me, kaso nawa, wa ke riƙe da kalmar sirrin shafuka, da abin da zai faru da sunan ƙungiya in wani ya fita. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Ƙungiyar R.E.M. ta Amurka sunayen duka huɗunsu take sa wa waƙa ko wa ya kawo ta, kuma ta shekara 31. Ba dole ku bi wannan ba, amma ku zaɓi tsari da bakinku. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare aiki tun daga ranar da aka naɗe shi, hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, kuma tana karɓar rajista. A Nijar BNDA, hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasar, ce ke wannan aiki.

YouTube da Audiomack da SoundCloud kuna iya ɗorawa da kanku. Spotify da Apple Music sai ta hannun dillali irin DistroKid, TuneCore ko CD Baby, wanda zai ba kowace waƙa lambar shaida ta ISRC mai harafi da lamba 12. Ku adana lambar, da ita ake sauya dillali ba a rasa lissafin saurare ba. Ku ba su WAV, hoto murabba'i mai fiksel 3000 a kowane gefe, da tazarar mako uku zuwa huɗu kafin ranar fitarwa. Kada ku matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, taku za a sauke ta kawai, ta rasa numfashi.

Kuɗi ba ya zuwa da wuri. Tun 2024 waƙa ba ta fara samun kaso a Spotify sai an saurare ta sau 1,000 cikin wata 12. YouTube ba ya raba kuɗin talla sai shafi ya kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, ko kuma mabiya 1,000 da kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90. Masu sayar da saurare na bogi za su zo muku da farashi mai daɗi; in an gano, waƙar za a cire, dillalin kuma zai iya rufe asusunku.

Waƙoƙin nan biyu na aro, naɗin naku ne amma waƙar ba taku ba ce. A YouTube na'urar tantancewa za ta gane su, yawanci a bar bidiyon amma kuɗin ya tafi ga masu haƙƙi, wani lokaci a toshe shi. In mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi kai tsaye, gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya rufe shafin gaba ɗaya. Don kai su Spotify sai da lasisi, kuma wasu dillalai suna samo shi kan ɗan kuɗi. Kada ku sa ko daƙiƙa biyu na ainihin naɗin masu waƙar a cikin naku.

Sannan shafin da kuka ɗora waƙa ba rumbu ba ne. A Maris 2019 MySpace, wanda ya yi dakon samarin Sheffield, ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015 wurin sauya na'urori, kimanin miliyan 50. Ku ajiye kowane layi na WAV da fayil ɗin haɗawa a wuri uku: kwamfutar mai haɗawa, ma'ajiyar intanet, da faifan ajiya na waje a gidan wani ɗan ƙungiyar daban. Duk wata shida wani ya jona faifan ya buɗe waƙa ɗaya ya tabbatar tana tashi.